Ranar Da Munkaila Ya Hau Gaida Mai Garin Kan Dutse

Duk ɗan Nijar da ya taɓa sauka Alƙahira da akwati ɗaya da niyyar karatu, da wuya a ce bai sha shayi a shagon Munkaila ba. Shagon yana wani lungu a Darrasa, bayan masu sayar da littattafai, kuma ƙarami ne ƙwarai: keken ɗinki, benci guda, da igiyar da ake rataye huluna. In mutum uku suka shiga, na huɗu sai dai ya tsaya waje yana sa baki ta taga. Ɗinki ne ke ciyar da Munkaila, amma ba da shi aka san shi ba. An san shi ne da karɓar 'ya'yan mutane.

Shi ma haka aka karɓe shi. Yana saurayi mahaifinsa ya kai shi tashar mota a Damagaram, ya kama hannunsa ya sa cikin hannun wani Alhaji ɗan kasuwa, ya ce, "Ga amanar Allah." Alhajin ya ce, "Na karɓa." Da suka iso Masar, Alhajin bai sake shi ba sai da ya kai shi gaban wani tsohon tela, Bahaushen Sudan mai suna Harun, ya kama hannun nan ya sa cikin nasa, aka sake faɗin kalmomin. Karatun da ya kawo Munkaila bai yi nisa ba, don nahawu ya ƙi shi, shi kuma bai nace ba. Ammu Harun, wato Baffa Harun a bakin Masarawa, bai kore shi ba. Ya zaunar da shi gaban keke, ya koya masa ɗinkin hula da aikin wuyan riga, ya tsaya masa har ya auro Azara daga gida, kuma da ajalinsa ya zo shi ya bar wa shagon. Tun daga nan Munkaila ya sa wa ransa cewa haka duniya take tafiya, daga hannu zuwa hannu, kuma duk wanda ke yawo ba a hannun kowa ba abin tausayi ne, komai wayonsa.

Shi ya sa in uba ya kira daga Maraɗi ko Tawa ya ce ga ɗansa nan tafe, Munkaila yakan rufe shago ya tafi filin jirgi da kansa. Zai nema wa yaron ɗaki a Ainu Shams ko Abbasiya, kuma ba zai bar wurin ba sai ya ga mai gidan ido da ido, ya ga mai gadin ƙofa, ya nuna musu yaron. Washegari kuma sai ya ja shi gidan dattijon da 'yan Nijar suka ɗauka babba a unguwar, da ɗan dabino a leda, a gaishe shi. Ɗalibai suna masa tsiya a bayan ido, wai da zai iya da har jirgin ƙasa na metro sai ya damƙa su a hannun direba. Shi ko a jikinsa. A wurinsa shiga gari ba tare da an gaida mai shi ba rashin tarbiyya ne, ba ya da wani suna.

To, ga mai wannan hali, sai Allah ya ba shi Zaituna. Ita ce autarsa, a Ainu Shams aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Ta karanta aikin jinya, sannan don neman magana ta shiga koyon Sifaniyanci da yamma. Da ta samu gurbin ƙaro ilimi a Sifaniya, Munkaila ya yarda ne kawai saboda Abdulnasir, ɗaya daga cikin yaran da ya karɓa da can, yana zaune a wani birni na ƙasar da iyalinsa. Ta waya aka yi miƙa amanar, fuska na kallon fuska, Abdulnasir ya ce ya karɓa. Sai dai duniya ba ta tsaya inda Munkaila ya ajiye ta ba. Aiki ya ɗauke Abdulnasir zuwa Faransa, ita kuma Zaituna aka tura ta wani ƙauye can cikin ƙasar, inda tsofaffi suka yi yawa, ma'aikacin lafiya babu. Wannan labari da kaɗan-kaɗan ta riƙa ba shi, yadda ake ba mara lafiya kunu.

Wata rana da la'asar ta kira shi yana tsaka da ɗinki.

"Baba, mutanen garin sun ce in zauna da su dindindin. Na ce sai na ji daga bakinka. In ba ka sa albarka ba, khalas, shi ke nan, zan tattara kayana in dawo."

"A hannun wa kike can?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba. Ni ce dai."

Ranar Munkaila bai iya cin abinci ba. Tsoro ne ya kama shi, da kunya kuma, don ya raba 'ya'yan duniya hannu-hannu alhali tasa tana zaune kan wani dutse ba mai amsa sunanta. Azara ta dube shi yana juya cokali cikin kwano, ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ta girma. Ma'alish, ka yi haƙuri ka sa mata albarka kawai." Ya ce ba a sa albarka a iska. Zai je da ƙafarsa ya ga mai garin. In ya same shi mutum ne da za a iya ba amana, zai kama hannun Zaituna ya sa cikin nasa. In bai samu ba, tare za su dawo, kuma kada wanda ya roƙe shi.

Kafin takardun tafiya su fito ya zauna ya ɗinka hula, don ba a zuwa gaban mai gari hannu sake. Ya zaɓi zare shuɗi da fari, ya zuba mata aikin da rabonsa da yin irinsa tun Ammu Harun yana da rai. Ɗalibai suka yi ta neman ya sayar musu, ya ce wannan kan da za ta hau ya fi nasu.

Zaituna ce ta tarbe shi a tashar jirgin ƙasa ta wani ƙaramin gari, cikin wata 'yar mota, kuma ita ke tuƙi. Ya so ya yi magana a kan wannan, sai hanya ta ɗauke masa hankali. Gonakin alkama ne har iya ganin ido, sai tuddai da itatuwan zaitun jere, ba mutum ko ɗaya, ba ko akuya. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kutsawa tsakanin kafaɗun jama'a a Darrasa, sai ga shi yana tambayar kansa ina Allah ya kai masu wannan ƙasa. Can da rana ta yi sanyi suka sha wata kwana, Zaituna ta rage gudu ta ce, "Baba, duba."

Dutse ne ya taso shi kaɗai daga tsakiyar fili, gidaje farare sun manne a jikinsa wani kan wani, kuma a can ƙololuwa ganuwa ce da hasumiyoyi, rana ta buge su sun yi jajawur. Ba ka iya gane inda dutsen ya ƙare, inda ginin ya fara. Munkaila ya san Ƙal'ar Alƙahira, tsohuwar fadar nan mai ganuwa a kan tudu, kullum yana hango ta, amma ita tana cikin hayaƙi da ƙarar motoci. Wannan kuwa tana tsaye ne cikin shiru, sama kawai a bayanta. Ya ce ta tsaya. Ya fito ya dafa motar, bakinsa na motsi da tasbihi. Da ya dawo ciki abin da ya ce kawai shi ne, "Lalle mai garin nan ba ƙaramin mutum ba ne."

Zaituna ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga fuskarsa, ta fasa.

Da safe ta ɗauki jakar aikinta ta ce za ta zaga marasa lafiya, ya huta, in ta dawo za ta kai shi wurin duk wanda yake son gani. Munkaila ya ce tamam. Amma tana fita ya kasa zama. Ya riga ya kwana a garin mutane bai gaida mai shi ba, ina kuma a ce har rana ta take? Kuma ba ya bukatar ɗan jagora. A Damagaram kowa ya san inda fada take, a Alƙahira ma masu mulkin da a kan tudu suka zauna. Wanda yake da gari, a sama yake. Ya sa babbar rigarsa fara, ya feshe ta da turare, ya naɗe hular a ƙyalle tare da dabinon da ya zo da shi, ya kama hanyar sama.

Lungunan ƙanana ne, an shimfiɗe su da duwatsu da suka yi santsi don tsufa, kuma duk inda ya bi hawa ne. Gidaje da yawa a rufe suke, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Wani tsoho da ke zaune kan kujera ya bi shi da kallo baki sake, Munkaila ya ɗaga masa hannu ya wuce. Gwiwoyinsa suka fara gaya masa shekarunsa. Ya huta, ya ci gaba, ya sake hutawa, har ya iso gaban wata ƙofa mai baka irin ta tsofaffin ƙofofin Alƙahira, ƙyaurenta na katako a buɗe.

Ya tsaya ya gyara rigarsa, ya yi sallama. Shiru. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa da Faransanci ko bafade zai ji. Ba wanda ya amsa sai iska. Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya shiga a hankali.

Ba kowa. Babu zaure, babu rufi, babu ko tabarma. Fili ne da ciyawa da furanni jajaye, ganuwa ta kewaye shi, kaurinta ya isa mutum ya kwanta a kai ya miƙe. Duwatsun da aka gina ta da su, Munkaila ya dafa ɗaya ya rasa yadda ɗan Adam ya hau da shi nan. A tsakiyar filin akwai matakala da ta gangara cikin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, ya leƙa ya ga ruwa kwance baƙi wuluk, ginshiƙai tsaye a cikinsa, sanyi na tasowa. Zaituna ta taɓa ce masa Musulmi ne suka fara gina wurin shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wasu suka zo suka karɓe suka ƙara. Ga ruwansu nan yana taruwa har yau, su kuwa babu ko mai tuna sunansu. Ya yi musu addu'a, duk da bai san su ba.

Sannan ya hau kan ganuwar. Duniya ce shimfiɗe a ƙasa, kore da ruwan ƙasa, kogi siriri yana ƙyalli, tsaunuka can nesa da fari a kansu. Wata mikiya ta zo ta wuce, fukafukai a buɗe, ba ta ko kaɗa su, kuma a ƙarƙashinsa ta wuce. Tun da uwarsa ta haife shi cikin tsuntsu yake gani in ya ɗaga kai, bai taɓa ganin bayan mikiya tana tashi ba. Ya ji ya ƙanƙance, ya ji girman Allah ya cika masa ƙirji har yana masa ciwo. Sai kuma baƙin ciki ya biyo baya, don ya gane abin da ya tarar. Fadar kango ce. Babu mai gari, babu hannun da zai sa na 'yarsa, kenan tare za su koma.

Tari ya ji a bayansa. Wata tsohuwa ce, gajera, cikin baƙar riga, da sanda a hannu da wani ƙaton mabuɗin ƙarfe rataye a ƙugu. Ta girme shi nesa ba kusa ba. Ta dubi rigarsa, ta dubi ƙafafunsa ba takalmi, ta yi wata magana mai tsawo da bai tsinci komai a ciki ba sai sunan Zaituna. Ya dafa ƙirji ya ce, "Baba." Ta gyaɗa kai, ta matso bakin ganuwar ta nuna masa ƙasa da sandarta.

Daga nan ana ganin ƙauyen duka, rufin jan tayal bisa rufin jan tayal, hayaƙi na tashi daga 'yan gidaje ƙalilan. Cikin lungunan kuwa ga wani ɗan farin abu yana tafiya. Hijabin Zaituna ne. Munkaila ya ga ta nufi wata ƙofa, kafin ta ƙwanƙwasa an buɗe. Ta jima ta fito, wani tsoho ya rako ta yana dafe da kafaɗarta har ta zaunar da shi a rana. Ta shiga gida na gaba, ta fito da kwando ta shanya wanki. A wani gidan ta taga aka miƙo mata wani abu ta sa a jaka. Duk gidan da hayaƙi ke tashi sai da ta shiga, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shi da tsohuwar suna tsaye suna kallo.

Tsohon nan mai kujera ne ya nuna wa Zaituna sama. Sai ga ta ta iso tana haki.

"Baba, ka tayar mini da hankali. Me ya kawo ka nan kai kaɗai?"

"Na zo gaida mai gari, na tarar ba kowa."

Zaituna ta rufe baki da gefen hijabi don kada dariya ta fito. "Ai ga ta nan kusa da kai. Donya Filomena ke nan, ita mutanen garin suka zaɓa. Ita ke buɗe ƙofar nan kullum da safe."

Munkaila ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. Wata guda yana ɗinka wa mace hular maza. Amma abin da aka kawo wa mai gari na mai gari ne. Ya rusuna ya miƙa da hannu biyu. Ta warware, ta juya hular tana bin zaren da ɗan yatsa, sannan ta ɗora ta kan furfurarta, ta zauna daram.

Sai ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo shi, Zaituna na fassarawa. Ya ce a ƙasarsu ba a barin ɗa a garin da ba shi da kowa sai an damƙa shi a hannun babba, wanda zai tsaya masa in ya yi ciwo, ya tsawata masa in ya karkace. Ya ce shi ya zo ne ya ga ko akwai mai karɓa.

Donya Filomena ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi magana mai tsawo. Zaituna ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta ce ta gode."

"Maganar ta fi haka tsawo," in ji Munkaila. "Faɗi duka."

Zaituna ta faɗa, idonta a ƙasa. Tsohuwar ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, ita safarta ma ba ta iya sa wa kanta sai an taimake ta. 'Ya'yansu duk sun tafi birane, sai lokacin hutu suke leƙowa. Abin da suke iyawa suna yi: yarinyar ba ta rasa ƙwai da man zaitun, kuma kowa a garin ya san abin da ba ta ci. Amma da ƙanƙara ta rufe hanya a sanyin da ya wuce, Zaituna ce ta zauna da mijin ita tsohuwar har ya cika, ita ta rufe masa ido. In ya tafi da ita, za a zo a kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa gidajen tsofaffi a birni, ita kuma za ta rufe wannan ƙofa ta ba hukuma mabuɗin. Ta ce ba ta da hannun da za ta riƙe masa 'yarsa. Su ne a hannunta.

Munkaila ya juya ya dubi rufin gidajen da hayaƙinsu. Ya dubi Zaituna, ya ga hannayenta sun yi kaushi, ya ga yadda ta tsaya kusa da tsohuwar ta tare mata iska ba tare da ta sani ba. Yarinyar da ya zo nema wa mai riƙo ba ita ce wannan ba. Alfahari ya kama shi, da wani ɗaci kuma, don ya san daga yau sai dai ya riƙa ganinta a waya.

Bai saba gaisawa da mata hannu da hannu ba, don haka ya ja bakin rigarsa ya rufe tafinsa, yadda dattawa ke yi. Ya kama hannun Donya Filomena, mara nauyi kamar busasshen kara, ya ɗora shi cikin na 'yarsa.

"Ga amanar Allah," ya ce. "Ita da duk wanda ke ƙarƙashin rufin can."

Zaituna ta san kalmomin tun tana rarrafe a ƙofar shago. Hawaye na zuba ta ce, "Na karɓa, Baba."

"Allah ya yi miki albarka."

Tsohuwar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ba ta nemi a fassara mata ba. Ta riƙe hannun gam. Haka suka gangaro su uku a hankali, ita a tsakiya da hularta, Munkaila sai da suka yi nisa ya tuna takalmansa na hannunsa.

Yanzu ya koma shagonsa a Darrasa, yana nan yana karɓar 'ya'yan mutane, kuma duk ɗalibin da ya zauna kan bencin sai ya ji labarin bayan mikiya, ko ya so ko ya ƙi. Amma ranar da ya sauka gida a Ainu Shams, Azara ba ta tambaye shi mikiya ba. Ta leƙa bayansa ta ga shi kaɗai ne, ta karɓi jakarsa ta ce, "To Malam, a hannun wa ka bar mini ita?"

Ya zauna bakin gado yana cire takalmi.

"Ba a hannun kowa ba, Azara," ya ce. "Garin na bari a hannunta."